Man dogon yaro da ganyen daji: Maganin ƙwarin da ke zube a gindin itatuwan Kwaya da Dungas

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi ya san irin kayan da ke gangarowa daga ƙasar Magarya da Dungas ta Jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Baya ga dabbobi akwai wake da gyaɗa da riɗi, akwai kuka da tsamiya da zogale, sannan ga 'ya'yan gawo da na kalgo da masu kiwon turka ke saye buhu-buhu. Wani kaso mai tsoka na wannan kaya daga bisa itace yake fitowa, sauran kuma a ƙarƙashin itace ake noma shi. Saboda haka duk ƙwaron da ya taɓa itacen waɗannan garuruwa ya taɓa jarin mai sayar da kuka a Dawanau, ya kuma taɓa cinikin mai ƙosai a bakin tasha.

Maganar da masana harkar noma da gandun daji suka daɗe suna yi ita ce, wani ɓangare na maganin waɗannan ƙwari yana nan cikin itatuwa da ciyayin da ke kewaye da mu, musamman a cikin man da ake samu daga 'ya'yansu da ganyensu. Wannan magana ta shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu, wato ta fuskar kare hajarsu daga lalacewa, da kuma ta fuskar sabuwar hajar da za a iya kasawa a sayar.

Yadda gonaki suka koma daji

Kwaya ƙaramar hukuma ce a cikin gundumar Magarya, ita kuwa Dungas an cire ta daga Magarya an ba ta tata gundumar a shekarar 2011. Ƙasa ce ta jigawa mai cunkoson jama'a, inda kusan babu sauran fili da ba a nomawa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana binne shuka, har manomi kan yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama.

Daga tsakiyar shekarun 1980 ne manoma suka rungumi abin da a Nijar ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito a gona a ƙone, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a riƙa yi musu aski har su zama itace. A Jihar Maraɗi wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi fice wajen yaɗa wannan dabara tun daga 1983, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. A yankin Damagaram kuwa manoman ne da kansu suka fi jan ragamar abin. Wani bincike da Dokta Larwanou Mahamane da Chris Reij da abokin aikinsu suka gudanar a 2006 ya kiyasta cewa a Magarya da Matamai da Mirya kaɗai filin da itatuwa suka dawo ya kai kimanin hekta miliyan 1, kuma gawo ne ya fi yawa. A faɗin ƙasar Nijar an kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar gandun daji ta 2004 da wata doka ta musamman da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Dalilin da ya sa manoma ke son gawo ba ɓoyayye ba ne. Yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana gero samun rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, sannan da rani dabbobi su ci 'ya'yansa su sha inuwa su bar kashi a gindinsa. Ke nan dajin wannan yanki ba irin kurmin kudu ba ne, daji ne da ke tsakiyar gonaki, kuma kowane itace da mai shi.

Ƙwarin da ke cin itace, suna cin buhu

Itace mai rai ba ya rasa maƙiyi. Gara da zago su ne suka fi kashe dashe, musamman a shekarar farko da ta biyu, lokacin da saiwa ba ta yi nisa ba. Akwai farar itace, wadda ke kwana a kan ƙaya da aduwa tana cinye ganye da fure, har ta rage yawan ƙaron da ake samu a inda ake wannan sana'a. Akwai tsutsar ganyen zogale, wadda masana ke kira Noorda blitealis, wadda ta zame wa masu lambun zogale a Maraɗi da Yamai ƙarfen ƙafa, domin takan naɗe ganye ta cinye shi ta bar tsinke. Ga kuma darɓa da ke tsotse ruwan sabon toho.

Amma ƙwaron da ya kamata ɗan kasuwa ya fi sani shi ne wanda masana ke kira Caryedon serratus. Asalin gidansa a daji yake, cikin 'ya'yan tsamiya da kalgo da tsattsagi da marga. Binciken da aka yi a ƙasar Senegal ya nuna cewa idan aka cire gyaɗa aka bar ta tana shan iska a gona kusa da kalgo, macen ƙwaron kan sauko ta yi ƙwai a jikin ɓawon, tsutsar ta huda ta shiga ta cinye ƙwayar. Mai saye zai ɗauki buhu yana ganin lafiya lau, bayan wata biyu ko uku ya buɗe ya tarar da gari da saƙa. Shi ne kuma ke huda tsamiyar da mata ke curawa su ajiye don azumi. Maganin wannan ba sare kalgo ba ne. Abin yi shi ne a rage kwanakin da gyaɗa ke yi a gona bayan cira, a kuma kwashe busassun 'ya'yan kalgo da wuri, tunda dama abincin dabbobi ne da ake sayarwa.

Ɗan'uwansa shi ne ƙwaron wake, wanda kowace mai alale da ƙosai ta sani. Macen kan manna gwamman ƙwai a jikin wake, tsutsa ta girma a ciki, cikin mako uku zuwa huɗu na lokacin zafi sabon ƙwaro ya fito ya bar huji. Idan aka bar buhu haka nan, kafin bazara ta yi, lokacin da wake ke tsada, sai a ga rabin jarin ya tafi.

Piya-piya da abin da ta jawo

Da yake asarar tana da zafi, 'yan kasuwa da yawa sun koma ga gubar kanti. Wadda ta fi yawo ita ce mai sinadarin dikulobos, wadda ake sayarwa da sunan Sniper ko kuma a ɗura a ƙananan kwalabe ana kiranta piya-piya. Wannan magani an yi shi ne don feshi, ba don a kwaɓa da abincin da mutum zai ci ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an riƙa samun wannan sinadari tsakanin miligiram 0.03 zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce. An tsawaita haramcin a 2016, aka sake tsawaitawa a 2019. A ƙarshen 2018 hankalin jama'a ya tashi da aka ga hotunan wasu masu sayar da wake suna zuba masa Sniper, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna.

A ɓangaren Nijar, ƙungiyar majalisun manoma ta RECA ta sha yin ƙidayar magungunan ƙwarin da ake kasawa a kasuwanni, ta kuma gano cewa mafi yawansu ba su da rajistar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan feshi, sannan da yawa ta kan iyakar Nijeriya suke shiga. Abin damuwar ya fi yawa a kan zogale, domin ganye ne da ake yanka kusan duk bayan mako biyu ko uku, a dafa a yi kwaɗo. Idan mai lambu ya yi feshi yau ya yanka jibi, gubar tana nan a jikin ganyen har cikin kwanon mai saye. Haka ma soyayyar fara, wadda mata ke sayarwa a Damagaram da Maraɗi da Kano, idan daga inda aka yi feshi aka kamo ta.

Wane irin mai ake nufi?

A nan sai mai karatu ya lura, domin man tsirrai iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake matsewa daga ƙwaya, kamar man gyaɗa da na riɗi da na aduwa da na dogon yaro. Shi wannan yana da maiƙo, ba ya tashi a iska. Na biyu shi ne man ƙamshi, wanda ake fitarwa daga ganye ko fure ko ɓawo ta hanyar tururi. Ana dafa ganyen a rufaffiyar tukunya, tururin ya bi ta bututun da aka ratsa cikin ruwan sanyi, ya huce ya ɗiga, sai man ya taso a saman ruwan a kwashe. Shi ne ƙamshin da mutum ke ji idan ya murza ganyen turare ko ɗoɗɗoya ko ya matsa ɓawon lemo. Itacen ya tanadi wannan ƙamshi ne don kare kansa daga masu cinsa.

Masana a Afirka ta Yamma sun gwada irin wannan mai a kan ƙwarin ajiya. A Jami'ar Lome ta ƙasar Togo an gwada man ciyawar nobe a kan ƙwaron wake, aka ga tururinsa yana kashe manyan ƙwari da ƙwai da ƙananan tsutsotsi idan an rufe mazubin. A Wagadugu an gwada bunsurun fadama, ciyawar da manoma a wurare da dama suka saba shimfiɗawa cikin rumbu. A Jami'ar Maiduguri an gwada man kanumfari da na masoro da na citta a kan ƙwarin gero da wake. A Jami'ar Yamai kuwa tun a shekarun 1980 aka nuna cewa ɗanyen ganyen anza yana kashe ƙwaron wake idan an haɗa su a rufaffen wuri, abin da tsofaffi suka daɗe suna yi a rumbunansu. Daga baya aka gano cewa wata iska mai yaji ce ke fita daga ganyen idan an daka shi. Da tsohuwar zuma dai ake magani.

Sai dai man ƙamshi yana da iyakarsa. Ganye mai yawa ke ba da mai kaɗan, domin kilo 100 na ganye sau da yawa ba ya wuce lita 1 zuwa 2, ga kuma kuɗin tukunya da itacen wuta. Yana saurin tashi a iska, don haka a buɗaɗɗen wuri ƙarfinsa ba ya daɗewa. Idan ya yi yawa yakan ƙone ganyen shukar da ake son karewa. Binciken Togo ya kuma nuna cewa yana kashe ƙaramin zanzaron da ke cin tsutsar ƙwaron wake, wanda abokin manomi ne. Kuma mafi yawan nasarorin da aka samu a cikin kwalba ne a ɗakin gwaji. Saboda haka a halin yanzu man ƙamshi ya fi amfani a cikin jarka ko duro ko buhun da ba ya shan iska, amma a kan tsayayyen itace dogon yaro ne ya fi nuna kansa.

Baƙon da ya zama ɗan gari

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina ko bedi, asalinsa daga ƙasar Indiya da Bama yake. Turawan mulki ne suka kawo shi Afirka ta Yamma, ya fara zama a Gana, sannan aka kai shi lardin Barno a 1928, daga nan ya bazu ko'ina. A kwarin Majiya da ke ƙasar Buza ta Jihar Tawa, ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa shi layi-layi a 1975 don tare iska, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Alhazai kuma sun san dubban itatuwansa da aka dasa a filin Arfa don inuwa.

A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a Sudan lokacin da farar ɗango ta sauka. Ya lura fara ta cinye duk wani kore, amma dogon yaro tana sauka a kansa ta tashi ba ta ci ba. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki, aka sa masa suna azadiraktin, kuma a cikin ƙwayar 'ya'yan ya fi yawa. Darajar abin ta kai har wani kamfanin Amurka mai suna W.R. Grace tare da ma'aikatar gonar ƙasar suka sami takardar mallakar wata fasahar yin maganin cutar shuka da man dogon yaro a Turai a 1994. Manoman Indiya da masu goya musu baya suka shigar da ƙara cewa wannan ilimin kakanninsu ne, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005.

Yadda yake aiki ya bambanta da gubar kanti. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Da farko yana hana shi cin abinci, na biyu yana hana tsutsa yin saɓa ta girma, na uku yana rage ƙwan da mace ke yi. Don haka wanda ya yi feshi da yamma ya zo da safe yana neman gawar ƙwari a ƙasa zai ce maganin bai yi ba, alhali sai bayan kwana uku zuwa biyar ake ganin cin ganyen ya tsaya. Da yake sai ƙwaro ya ci ganyen yake fi kama shi, zuma da sauran ƙwari masu amfani sun fi tsira daga gare shi idan aka yi feshin da yamma. Rauninsa shi ne rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, dole a maimaita kamar duk mako.

Misalin da ya fi fitowa fili na amfani da shi a kan itacen daji daga ƙasar Kanada ya zo. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da birnin Ditroyit na Amurka da Winsa ta Kanada, wanda tsutsarsa ke shiga ƙarƙashin ɓawon itacen da suke kira ash ta yanke masa hanyar ruwa, ya kuma hallaka miliyoyin itatuwa. Hukumar gandun dajin Kanada tare da wani kamfani suka haɗa magani mai suna TreeAzin daga ƙwayar dogon yaro. Ana huda gindin itacen a ɗura masa kamar allura, maganin ya bi ruwan jikinsa ya hau sama, inda rana ba ta samunsa, kuma allura ɗaya kan yi aiki har shekara biyu. An ba shi cikakkiyar rajista a 2012. Wato abin da ke zubewa a ƙofar gidajenmu awaki na tattakawa, shi wasu ke saye da tsada don ceton itatuwan birninsu.

Shi ma mai magani yakan kwanta ciwo. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye kamar ƙambori ya auka wa dogon yaro a ƙasashen Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ya busar da itatuwa masu yawa. A farkon shekarun 1990 kuma aka ga dogon yaro yana zubar da ganye yana bushewa daga sama a Nijar. Masanan da suka bincika sun fi danganta abin da ƙarancin ruwa da taurin ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, domin itacen da ƙishi ya raunana shi ƙwari suka fi kamawa. Darasin shi ne kada gari ya dogara da itace iri ɗaya.

Yadda ake haɗawa

Aikin yana farawa daga tsintar 'ya'ya. A tsinci waɗanda suka nuna suka yi rawaya, a wanke naman jikinsu, a shanya a inuwa har su bushe sarai, a ajiye a buhun da ke shan iska. Kada a zuba a leda, domin idan suka yi fumfuna ƙarfinsu ya ragu, kuma fumfunar kanta guba ce. Babban itace a inda ruwa ya wadata kan ba da har kilo 50 na 'ya'ya a shekara.

Don feshi, ma'aunin da malaman gona suka fi bayarwa shi ne a daka rabin kilo na busassun 'ya'ya, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe famfo, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a fesa da yamma a sama da ƙarƙashin ganye. Ba a ajiye wannan ruwa, ranar da aka tace a ranar ake amfani da shi.

Don fitar da mai, hanyar kusan ɗaya ce da ta ƙuli-ƙuli. A fasa ɓawon a sheƙe, a daka ƙwayar ta yi laushi, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa har man ya fito. Kilo ɗaya na ƙwaya kan ba da mililita 100 zuwa 150 da hannu, inji kuwa ya fi haka. A ware turmi da kwano na musamman, domin ɗacin ba ya fita da sauƙi. Idan za a yi feshi da man, mililita 50 zuwa 100 ya isa ruwa lita 10, a fara kaɗa shi da sabulu don ya haɗu da ruwan, a kuma gwada a kan reshe ɗaya tukuna. Tunkuzar da ta rage ba abin zubarwa ba ce. Idan aka gauraya ta da ƙasar ramin dashe tana zama taki, tana kuma rage ɓarnar gara da tsutsar saiwa.

Don ajiyar wake, gwajin da aka yi a Togo ya nuna mililita 2 zuwa 3 na man dogon yaro a kowane kilo, idan an cuɗa shi sosai, kan kare wake har kusan wata shida, domin man yana lulluɓe ƙwan ya hana shi numfashi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta nuna a 1978 cewa man gyaɗa ma yana wannan aiki a kan mililita 5 a kowane kilo. Ɗacin dogon yaro yana raguwa idan an jiƙa waken a ruwan zafi an tsiyaye kafin dahuwa, amma ya fi dacewa da waken iri ko na gida. Ga mai tara buhuna da yawa, abin da ya fi sauƙi shi ne buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi daga 2007, aka gwada shi sosai a cibiyar INRAN ta Maraɗi ƙarƙashin Dokta Ibrahim Baoua. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iskar ciki ta ƙare ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba.

Wani gargaɗi ga iyaye mata: kasancewar abu daga itace ya fito ba ya nufin ba ya cutarwa. Likitoci a Maleshiya da Indiya sun rubuta labarin jarirai da ƙananan yaran da aka ɗura wa man dogon yaro suka kamu da amai da jijjiga da suma, wasu har suka rasu. A rubuta suna a jikin kwalbar, a ɗaga ta sama, kuma kada a zuba shi a kwalbar da aka saba sa man girki.

Ina ribar ɗan kasuwa?

Matan Magarya da Dungas da ƙauyukan Kwaya ba baƙin matsar mai ba ne, sana'ar ƙuli-ƙuli gadonsu ce. Turmi da hannun da ke fitar da man gyaɗa su ne za su fitar da na dogon yaro, kuma ɗanyen kayan tsinta ake yi, ba saye ba. Masu sayen suna nan: masu lambun zogale da kabeji da tumatir, masu renon dashe, manoman wake, da masu yin sabulu. A Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods ya riga ya nuna cewa kayan daji irin su anza da aduwa, waɗanda mata ke tsintowa, za a iya sarrafa su a zuba a kwalba a sayar da daraja. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Abin da zai kashe wannan kasuwa tun tana jaririya shi ne algus. Ƙarfin man ya danganta da yadda aka busar da 'ya'yan da kuma daɗewarsa a ajiye. Idan mai sayarwa ya sirka shi da wani mai, ko ya shanya kwalaben a rana a kan tebur wata da watanni, manomi zai saya sau ɗaya ya ga bai yi ba ya koma wa piya-piya. Don haka a ajiye shi a baƙar kwalba ko jarka a inuwa, a rubuta watan da aka matse shi, a kuma gaya wa mai saye gaskiya cewa maganin a hankali yake aiki, kuma rigakafi ne da ake farawa tun ƙwarin ba su yi yawa ba. Idan farar ɗango ce ta sauka kamar yadda ta yi a 2004, wannan aikin hukuma ne, ya fi ƙarfin famfon mutum ɗaya.

Akwai kuma ribar suna. Dillalin da aka san wakensa da zogalensa ba su da guba, shi masu saye za su riƙa nema, musamman masu kai kaya Legas da ƙasashen waje inda ake awo kafin a karɓa. Shugabannin kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa da Dawanau na iya taimakawa ta hanyar ware layin kayan da ba a sa wa guba ba, da hukunta duk wanda aka kama yana kwaɓa abinci da maganin feshi. Su kuma hukumomin ƙasashen biyu, da cibiyoyi irin su INRAN da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ya kamata su fito da gwajin daga ɗakin bincike zuwa gindin gawo da lambun zogale, su samar wa ƙungiyoyin mata ƙananan injinan matsa, su kuma fassara ma'aunin cikin Hausa a riƙa karantawa a rediyo. Manoman wannan yanki sun dawo da itatuwansu da hannunsu ba tare da jiran kowa ba, abin da ya rage shi ne a taimaka musu su kare su ba tare da sun sa wa kansu da masu sayen kayansu guba ba. Allah Ya sa albarka a kasuwa.